Manhajar tikiti cikin mako uku: daga bakin ƙofa ake farawa

Ƙanena, amincin Allah ya tabbata a gare ka. Bari in maimaita tambayarka a taƙaice don in tabbatar na fahimce ta. Ka ce ƙungiyarku ta matasa a Aboabo, unguwar nan ta Kumasi a Ghana, tana shirya wasan kwaikwayo don tara wa Islamiyyar unguwa kuɗi, zauren da kuka kama yana ɗaukar mutum 600, kuma saura mako uku. Ka ce a taron bara an buga tikitin jabu, zaure ya cika maƙil amma kuɗin da ya shigo bai kai yawan jama'ar ba, kuma kuna yin irin wannan taro sau biyu ko uku a shekara. Kai kuma ka ɗan iya rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, don haka kake tambaya ko za ka iya tsara ƙaramar manhajar waya ta sayar da tikiti ka gina ta kafin ranar, da kuma ta inda za ka fara.

Za ka iya, in sha Allahu, amma sai idan ka sauya hoton da ke cikin kanka. Kusan duk wanda ya zo mini da wannan magana yana hango wata manhaja ce mai kyawun launi wadda mai saye zai sauke a wayarsa, ya buɗe asusu, ya zaɓi kujera. Wannan ba ita ce buƙatarku ba. Aikin tikiti wuri biyu yake lalacewa: lokacin da ake tabbatar da cewa kuɗi ya shigo, da lokacin da mutum ya tsaya a bakin ƙofa. Manhajar da za ka gina ta masu tsaron ƙofa ce, mutum huɗu ko biyar. Mai saye shafi guda ya ishe shi, wanda zai buɗe daga saƙon WhatsApp.

Amana ta sa in fara gaya maka cewa akwai masu wannan sana'a a Ghana, irin su eGotickets, kuma da a ce wannan taro shi kaɗai ne a gabanku da na ce ka ɗora shi a wurinsu, su cire kasonsu, ka huta. Abin da ya sa na goyi bayan ka gina taka shi ne taronku yana maimaituwa, kuma na san jama'armu a Aboabo da Asawase da Sawaba: da yawa da kuɗi a hannu za su saya, wasu ƙaramar waya mai madannai suke riƙewa, kuma uba ɗaya yana iya saya wa gidansa tikiti goma. Tsarin da aka ɗinka daidai da wannan hali ya fi muku amfani a nan gaba.

Dalilin da ya sa na hana ka manhajar mai saye ba ra'ayi ba ne kawai, lissafin kwanaki ne. Buɗe asusun mai wallafa manhaja a Google Play dala 25 ne, biya ɗaya, amma sabon asusu na mutum ɗaya ba ya samun izinin sakin manhaja ga jama'a sai ya yi gwaji da aƙalla mutum 12 na kwana 14 a jere, bayan haka kuma a jira dubawarsu. Kwana 14 daga cikin 21 ke nan sun tafi tun kafin ka sayar da tikiti ɗaya. Apple kuma dala 99 ne kowace shekara, da nasu duban. Ko da waɗannan ba su tsaya maka a hanya ba, ka tuna da wayoyin da ke hannun mutanenka, Itel da Tecno da Infinix waɗanda hotunan biki da bidiyon wa'azi suka riga suka cika, kuma mai wayar zai yi tunani sau biyu kafin ya ƙona datarsa a kan abin da sau ɗaya zai yi amfani da shi. Shafin intanet mara nauyi yana buɗewa a kowace waya ba tare da an sauke komai ba. Ita kuwa manhajar ƙofa, tunda wayoyi biyar ne kacal, da hannunka za ka sa musu fayil ɗin APK, wato fayil ɗin girka manhaja a wayar Android, ba ka jiran kowa.

Ranar farko kada ka taɓa kod. Ka sami takarda da biro, ka zauna da mutum biyu daga cikin waɗanda suka tsaya a ƙofa bara, su ba ka labarin abin da ya faru daki-daki, sannan ka zana fuskokin. Na mai saye uku ne: wadda ke nuna taro da farashi da adadin da yake so, wadda zai rubuta lambar wayarsa ya zaɓi layinsa, da wadda tikitin zai fito. Babu buɗe asusu, babu kalmar sirri, babu imel, domin lambar waya ita ce sunan mutum a wannan tsari. Ta mai tsaron ƙofa ɗaya ce, kyamara a buɗe da amsa mai girma. Ta shugabannin ƙungiya kuma jadawali ne kawai mai nuna nawa aka sayar, nawa ya shigo, wa ke riƙe da nawa. Zaɓen kujera, rangwame, hira tsakanin mahalarta da duk abin da ya yi kama da su, ka rubuta su a bayan takardar ka bar su zuwa wani taron. Figma, manhajar zana fuskokin manhaja, tana da amfani ga wanda ya saba da ita, amma a aikin fuska biyar takarda ta fi sauri.

A wannan ranar ta farko kuma za ka tura takardun neman asusu a kamfanin karɓar kuɗi da kamfanin tura saƙon tes, domin waɗannan su ne abubuwan da saurin hannunka ba ya hanzarta su. Za su nemi shaida, katin Ghana da bayanan asusu, da takardar rajista idan da sunan ƙungiya kuke nema, kuma sunan da zai fito a kan saƙon tes, wanda bai wuce harafi 11 ba, sai an amince da shi tukuna. Na ga aikin da kod ɗinsa ya kammala amma ya zauna kwanaki yana jiran wannan amincewa.

Game da kayan aiki ba zan tsawaita ba: ka yi amfani da abin da ka riga ka iya, domin mako uku ba lokacin koyon sabon harshe ba ne. Idan ka taɓa Flutter, ɗaya daga kayan gina manhajar waya, ka yi manhajar ƙofa da ita. Idan JavaScript ka sani, React Native ta wadatar. Karanta lambar QR, hoton nan mai ɗigo-ɗigo da kyamarar waya ke karantawa, ba abin da za ka ƙirƙira ba ne, ML Kit na Google yana yin sa a cikin wayar ba tare da intanet ba. Wajen rumbun bayanai ni na fi karkata ga PostgreSQL, wanda Supabase ke bayarwa a shirye, saboda tikiti da kuɗi al'amari ne na ƙidaya, kuma irin wannan rumbu yana iya hana abu ɗaya shiga sau biyu da kansa. Jadawali huɗu sun isa: nau'in tikiti da farashinsa da adadinsa, oda, tikiti ɗai-ɗai, da shigowa. Kuɗi kuma ka adana shi a fesuwa, cikakkiyar lamba, wato sidi 30 ya zama 3000, domin kwamfuta tana yin ƙananan kurakurai a lissafin da ke da ɗigo, kuma Paystack, ɗaya daga kamfanonin karɓar kuɗi, ita ma a fesuwa take karɓar adadi.

Yanzu ga maganar kuɗi, kuma a nan nake so ka nutsu.

Jarabar farko ita ce ku sa lambar MoMo ta ma'aji, wato ta asusun kuɗinsa na waya, a jikin fosta, kowa ya tura, ya aiko da hoton saƙon. Kada ku yi. Saƙon jabu mai kama da na MoMo abu ne da duk ɗan kasuwar Kejetia ya sani, kuma ko da babu mai niyyar cuta, mutum ɗaya ba zai iya daidaita ɗaruruwan saƙonni da sunaye ba tare da ya ruɗe ba, ga kuɗin amana ya gauraye da kuɗin cefanen gidansa, abin da ke jawo zargi tsakanin 'yan'uwa ko da gaskiyarsa. Ku bi ta kamfani mai izini, kamar Paystack ko Hubtel, wanda haɗi ɗaya da shi zai ba ku MTN MoMo da Telecel Cash da AT Money gaba ɗaya, kuɗin kuma ya sauka a asusun ƙungiya. Dokar tsarin biyan kuɗi ta 2019, doka mai lamba 987, ta sa harkar riƙe kuɗin jama'a da sarrafa biyansu a ƙarƙashin izinin Babban Bankin Ghana, don haka kada tunanin yi wa masu saye wata jaka ta kuɗi a cikin manhajarka ya zo maka. Kai mai sayar da tikiti ne, su ne masu karɓar kuɗi. Harajin tura kuɗi ta waya da aka fara a Mayun 2022 an soke shi a Afrilun 2025, saura kason da kamfanin ke cirewa daga kowane biya, kuma ku yanke shawara tun yanzu ko ƙungiya ce za ta ɗauke shi ko za a sa shi cikin farashi, yadda adadin da mutum ya gani a fosta zai zama shi ne wanda zai gani a wayarsa. Ka kuma sanar da ma'aji cewa kuɗin ba ya sauka a asusu nan take, kada ya dogara da cinikin safiyar taro wajen biyan mai zaure da yamma.

Yadda biyan ke tafiya shi ne, mai saye ya danna, sabarka, wato kwamfutar da ke riƙe da tsarinku a intanet, ta buɗe oda mai lambar shaida wadda ba ta da tamka, ta ajiye masa kujerunsa na minti goma, sannan ta roƙi kamfanin ya tura masa buƙatar biya. Buƙatar takan faɗo a wayarsa ya sa lambar sirrinsa, amma wani lokaci ba ta faɗowa, kuma a nan mutane da yawa ke watsar da saye. Ka rubuta masa ƙarara a fuskar jira cewa idan layin MTN ne ya buga *170# ya shiga wurin amincewa da biyan da ke jira. Wannan layi ɗaya na rubutu ya fi duk wani ado da za ka yi wa shafin daraja.

Ƙa'idar da ba ta da sassauci ita ce, ba wayar mai saye ce ke cewa an biya ba. Shafin da ke hannunsa yana iya mutuwa a tsakiya, yana kuma iya faɗin ƙarya idan mai wayo ya taɓa shi. Tikiti ba ya fita sai kamfanin kuɗi ya aiko wa sabarka saƙon tabbaci kai tsaye, ita kuma ta duba cewa saƙon daga gare su yake. Paystack tana sa wa irin wannan saƙo hatimi da ake lissafawa da mabuɗinka na sirri ta hanyar HMAC SHA512, kuma aikinka ne ka sake lissafin ka kwatanta, sannan ka duba cewa adadin da aka biya shi ne adadin odar, a sidi. Mabuɗin sirrin nan a saba kaɗai yake zama, ba ya shiga shafi, ba ya shiga manhajar ƙofa, ba ya shiga zauren WhatsApp na ƙungiya. Saƙon tabbaci yana iya zuwa sau biyu, don haka ka sa rumbun ya ƙi karɓar lambar shaida ɗaya sau biyu, in ba haka ba wanda ya biya tikiti uku zai sami shida. Yana kuma iya ƙin zuwa a kan lokaci, don haka ka sa saba ta riƙa tambayar kamfanin halin duk odar da ta daɗe tana jira. Akwai kuma wanda zai amince da biya bayan mintinsa goma ya wuce, kujerun sun koma kasuwa. Saboda irinsa nake ba da shawarar a riƙe kujeru kaɗan a gefe waɗanda ba a sa su cikin sayarwa ba, domin mayar wa mutum kuɗi ya fi ba shi kujera wahala da ɓacin rai. Batun mutum biyu da suka danna kujerar ƙarshe a daƙiƙa ɗaya kuwa, rumbun ne zai raba gardama, idan ka sa duba abin da ya rage da rage shi suka zama aiki ɗaya da ba ya rabuwa.

Shi kansa tikitin ba komai ba ne illa lamba da ba a iya cinka. Kuskuren bara, ina kyautata zato, shi ne an jera lambobi 001, 002, 003, wanda duk mai injin buga takardu zai iya ci gaba da jerin. Ka ɗauki haruffan boko na Ingilishi da alƙaluma, ka cire O da 0 da I da 1 saboda suna ruɗa ido, saura 32. Lamba mai gurbi takwas daga cikinsu tana da yiwuwa sama da tiriliyan ɗaya, naku kuma 600 ne kawai a ciki. Ka fitar da su da injin zaɓen bazata na tsaro da ke cikin harshen da kake aiki da shi. Wannan lamba ita ce za ta shiga cikin hoton QR, ita ce kuma za a tura a saƙon tes ga mai ƙaramar waya, ya karanta wa mai ƙofa a rubuta da hannu. Kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro QR a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota, kuma an gina shi da matakai huɗu na gyaran kuskure, daga kusan kashi 7 zuwa kusan kashi 30 cikin ɗari. Tunda lambarka gajera ce, ka ɗauki mataki mai girma, saboda fasassun gilasan waya da takardar da ta sha lanƙwasa a aljihu. Kowane mutum da tikitinsa: wanda ya sayi goma ya sami goma daban-daban da zai iya rarraba wa iyalinsa, domin ba lokaci ɗaya za su iso ba.

Wani abu game da saƙon tes da ya shafe mu mu masu Hausa musamman: saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160 ne idan duk haruffansa na cikin jerin da aka saba ne, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga, ko alamar sidi, sai ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal, a caje ka kuɗin saƙo biyu ko uku, wasu ƙananan wayoyin ma su nuna akwatuna a madadin haruffan. A saƙon tes ka rubuta GHS, ka zaɓi kalmomin da ba su da lanƙwasa. A shafin intanet kuwa ka rubuta Hausarka daidai, ka haɗa da Turanci, tunda da yawa daga matasanmu a nan Hausa suke magana amma Turanci suka saba karantawa.

Masu kuɗi a hannu kada ka ɗauke su a matsayin ragowa, domin wataƙila su ne rabin zaurenku. Ka fitar da wasu lambobi tun farko, a buga su a takarda da hoton QR ɗinsu, a raba wa amintattun masu sayarwa, a rubuta wa aka ba daga ina zuwa ina. Wanda bai sayar ba ya dawo da shi daren jajibiri a soke shi, abin da bai dawo ba kuma kuɗinsa yana wuyansa. Ta haka dattijuwar da ba ta yarda da biya ta waya ba za ta riƙe takarda a hannunta kamar yadda ta saba, amma takardar tana cikin ƙidaya ɗaya da sauran.

Sai ƙofa, inda na ce daga nan ake farawa. Na taɓa gina irin wannan tsari wa wani taro a nan Kumasi, na ba da yawancin kwanakina ga shafin saye, na bar duba tikiti ya dogara da tambayar saba a kowane mutum. A gwaji komai ya tafi daidai. Ranar taro, da jama'a suka taru, ɗaruruwan wayoyi suka hau kan turken sabis ɗaya, kowa yana tura bidiyo, sai amsar da ke zuwa cikin ƙiftawar ido ta koma ana jiran ta. Layi ya miƙe har bakin titi, rana tana dukan mata da yara, daga ƙarshe dattawa suka ce a buɗe kowa ya shiga, kuma gaskiyarsu ne. Abin ya dame ni ƙwarai, domin mutanen da suka ba ni amana sun rasa abin da suka kira ni dominsa. Ka yi lissafin da kanka: mutum 600 a ƙofa biyu, 300 ke nan kowace, idan kowane yana ɗaukar daƙiƙa 6, minti 30 ne, idan kuwa 20 yake ɗauka, minti 100 ne, kuma mutanenmu ba a warwatse suke zuwa ba, tare suke tasowa bayan sallah.

Saboda haka manhajar ƙofa dole ta yi aiki ba tare da intanet ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ku rufe sayarwa ta waya awa biyu kafin buɗe ƙofa, kowace wayar ƙofa ta sauke jerin lambobin duka ta ajiye a cikinta, a SQLite, ƙaramin rumbun bayanai na cikin waya, wanda lamba 600 ba komai ba ne a wurinsa. Duk wanda ya zo saye a bakin ƙofa a ba shi na takarda, wanda lambarsa ta riga ta shiga jerin. Akwai hanyar da ta fi wannan ƙwarewa, wadda saba ke sa wa kowane tikiti hatimin dijital, wayar ƙofa ta tantance shi ko da ba ta taɓa ganin lambar ba, amma taura biyu ba ta taunuwa; ka bar ta zuwa lokacin da taronku ya girma.

Ka fahimci abin da QR ke yi da abin da ba ya yi. Ba ya hana a ɗauki hotonsa a tura wa mutum goma, abin da yake hanawa shi ne shiga ta biyu. Don haka ka rubuta a jikin kowane tikiti cewa wanda ya riga isowa da shi shi ne zai shiga. Amma nan akwai rami: idan wayoyi biyu ba su da intanet, ba su san abin da juna ta gani ba, kwafi ɗaya zai iya shiga ta gabas, ɗaya ta yamma. Maganin da ya fi arha shi ne kowane tikiti a ɗaure shi da layin shiga ɗaya, kowane layi kuma waya ɗaya ce ke duba shi. Idan za ku ware ƙofar mata da ta maza, kamar yadda aka saba a tarukanmu, to rabon ya zo da kansa, sai dai ka tambayi mai saye maza nawa, mata nawa. Wayoyin su riƙa tura abin da suka gani zuwa saba a ɓoye duk lokacin da sabis ya samu, amma kada mutumin da ke tsaye ya taɓa jiran wannan.

Amsar da wayar ke bayarwa ta cika fuskar gaba ɗaya, kore ko ja, kowace da sautinta da girgizarta, domin mai ƙofa yana cikin hayaniya, idonsa a kan jama'a yake. Idan ja ce, ta faɗi dalili: an riga an shiga da shi da ƙarfe kaza, ko na wani layi ne, ko ba a san shi ba, ta kuma nuna alƙaluma uku na ƙarshen lambar wayar da ta saya. Mai ja ba a gardama da shi a kan layi. A ja shi gefe cikin mutunci zuwa wani tebur inda babban mutum mai haƙuri ke zaune da cikakken jeri, domin sau da yawa ba ɓarawo ba ne, ɗan'uwansa ne ya riga shi shiga da hoton da ya tura masa.

Abu biyu kuma da ba za ka same su a darussan intanet ba. Na farko, idan taro ya ratsa Magariba mutane za su fita sallah su dawo. Masu taro a wasu wurare tambari suke bugawa a bayan hannu, amma alwala za ta wanke shi. Ku ba mai fita katin dawowa mai launi, ku karɓa idan ya dawo. Ko ya miƙa wa wani, yawan waɗanda ke ciki bai ƙaru ba. Na biyu, manyan baƙi. Sarakunan Zango da limamai da alhazai ba za su zo su kaɗai ba, kuma ba ladabi ba ne yaro ya tare liman ya ce ya nuna waya. Ku ƙiyasta kujerunsu da na muƙarrabansu, ku cire daga 600 ɗin tun kafin a fara sayarwa, ku tsayar da wanda ya san fuskokinsu ya tarbe su, a wayarsa kuma a sa maɓalli ɗaya da zai danna wa kowane mutum don ƙidaya ta tafi daidai.

Na nace a kan ƙidayar nan ne saboda ta wuce maganar kuɗi. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san 9 ga Mayu, 2001, ranar da sama da mutum 120 suka rasu a filin wasa na Akra a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, bayan an harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga suka tarar da hanyoyin fita a rufe. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba tikiti ne ya jawo wannan ba, amma duk mai tsara ƙofa ya kamata ya riƙe shi a zuciya. Rumbunka ya ƙi sayar da ko kujera ɗaya fiye da abin da zaure ke ɗauka, ko da shugaban ƙungiya ne ya roƙa, kuma kada a kulle wata ƙofar fita da sunan hana masu satar shiga. A tsayar da mutum a bakinta, a bar ta a buɗe.

Lambobin wayar da za ka tara amana ce, doka ma ta san da su. Dokar kare bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta wajabta wa masu tara bayanan mutane rajista da hukumar kare bayanai, ta kuma hana a yi amfani da su a abin da ba don shi aka karɓa ba. Lambar waya ta isa, kada ka nemi lambar katin Ghana ko adireshin gida. Wayoyin ƙofa ma ba sa buƙatar cikakkun lambobin mutane, alƙaluma ukun nan sun wadatar, saboda waya tana iya ɓata a cikin taro. Idan wani ya zo bayan taro yana neman jerin don tallan hajarsa ko yaƙin neman zaɓe, amsar a'a ce.

Idan ka raba kwanakin, makon farko na biyan kuɗi da fitar da tikiti ne, a yanayin gwaji da kamfanin ke bayarwa, kuma ka buɗe sayarwa da zarar ya tsaya da ƙafarsa, tunda mai saye ba ya jiran manhajar ƙofa. Kafin ka sanar, ka sayi tikiti da kuɗinka na gaske ta kowane layin waya cikin ukun. Mako na biyu na ƙofa ne. Mako na uku kada ka ƙara komai sabo, na gwaji ne, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tara yaran Islamiyyar talatin ko arba'in a zauren da kansa idan mai shi ya yarda, ka raba musu tikiti, ka cusa na jabu da masu maimaici a ciki, ka kashe datar wayoyin ƙofa, ka riƙe agogo. Waɗanda za su tsaya ranar taro su ne za su riƙe wayoyin, ba kai ba, kuma ka yi shiru ka ga inda suke tuntuɓe. Ka gwada da rana tsaka, lokacin da haske ke kashe fuskar waya, ka kuma gwada bayan duhu ya shiga.

Daren jajibiri a caja komai, tunda ba a yi wa wutar lantarki alkawari, a tanadi fawa-bank ga kowane layi da waya ɗaya ta ko-ta-kwana wadda jerin ke cikinta, a shagunan Adum, tsakiyar Kumasi, za ka sami abin da ya rage maka. Ka buga jerin lambobin a takarda bisa tsarin haruffa, kwafi ɗaya ga kowane layi, da biro, yadda idan waya ta mutu za a ci gaba da sokewa da hannu ba tare da layi ya tsaya ba. Kai kuma ranar kada ka riƙe wani layi, ka zauna kusa da teburin gefe da kwamfutarka. Idan ka gama zanen takardar nan ta ranar farko, ka ɗauki hotonta ka turo mini tare da jadawalan huɗu kafin ka fara rubutu, in duba maka su a daren.